Allurar korona ce ta shanye wa Baba ɓarin jiki?

"Assalamu alaikum Hajiya. Ni mazaunin Aboabo ne a nan Kumasi. Mahaifina ya yi allurar korona ta AstraZeneca, ta farko a watan Maris na 2021, ta biyu a watan Mayu, kuma ni na kai shi da kaina. A watan Nuwamba na shekarar yana alwalar asuba ya yanke jiki ya faɗi, ɓarinsa na dama ya shanye, har yau da sanda yake tafiya. Shekarunsa 64 a lokacin. Tun daga ranar 'yan'uwana suke cewa ni na jawo masa. Sai ga shi an turo mini a WhatsApp cewa kamfanin ya amsa a gaban kotu cewa allurar tana daskarar da jini, har an janye ta. Yanzu matata ta haihu, jaririyar tana wata biyu, mahaifiyata ta ce ba mai kai ta awo, kada a yi mata allura. Don Allah ki faɗa mini gaskiya, allurar ce ta yi wa Baba haka? In har an ɓoye mana wannan, don me zan yarda da sauran?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne, Ya raya mana jaririya.

Tambaya uku ka haɗa a saƙo ɗaya. Kana so ka san ko allurar tana da illa, ko illar ce ta sami Baba, da kuma ko za ka miƙa 'yarka ga mutanen da kake jin sun yi maka rufa-rufa. Akwai ta huɗu da ba ka rubuta ba amma na ji ta, wato ko kana da alhakin abin da ya faru. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen rigakafi, na yi shekaru ina awon jarirai kafin korona ta zo, kuma ina cikin waɗanda suka ɗauki akwatin sanyi suka bi masallatai da tashoshin mota a 2021. Hannuna ya yi wa dattawa irin Baba wannan allurar, don haka tambayarka ta shafe ni kai tsaye.

Ruwa ba ya tsami banza

Ba zan ce wa mutanenmu jahilai don sun yi zargi ba. Zango ba ya rabuwa da labarin Kano, 'yan'uwanmu suna can, fatakenmu suna zuwa suna dawowa. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a kan yara a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 200 ne a gwajin, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Trovan maganin kashe ƙwayar cuta ne, ba allurar rigakafi ba, amma uwar da ta binne ɗa ba ruwanta da wannan bambancin. A nan gida Ghana, a 2015 an tsayar da shirin gwajin allurar Ebola a garin Hohoe saboda jama'a sun ce ba a tuntuɓe su ba. A watan Afrilu na 2020 wasu likitoci biyu a Faransa suka zauna a talabijin suna shawarar a zo Afirka a yi gwaji, har shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, Tedros, ya fito ya ce wannan tunanin 'yan mulkin mallaka ne.

Da alluran suka iso, ranar 24 ga Fabrairu 2021, Ghana ce ƙasa ta farko a duniya da ta karɓi kason COVAX, shirin raba wa ƙasashen duniya alluran korona: allura 600,000 na AstraZeneca, ƙirar Indiya, aka sauke a filin jirgin Kotoka a Ankara. Gwamnati ta ɗauki zuwanmu na farko abin alfahari. A majalisar shayi kuwa fassarar da aka yi ita ce da mu za a fara gwaji, alhali tun watan Janairu ake yi wa mutanen Ingila ita. Shugaba Akufo-Addo da mataimakinsa Bawumia sun miƙa damtse a gaban kyamara ranar 1 ga Maris, aka ce ruwa aka ɗura musu. Daga baya badaƙalar sayen Sputnik, allurar korona ta Rasha, ta hannun dillali a kan dala 19 kowace ɗaya, maimakon kusan dala 10, ta kai gaban majalisa. Wannan maganar kuɗi ce, ba ta taɓa abin da ke cikin kwalbar ba, amma wanda ya ga an ci amanarsa a aljihu ba zai saki jiki a miƙa masa allura ba.

Illolin da aka tabbatar

Allurar tana da illa. Duk ma'aikacin lafiyar da ya ce maka babu ko kaɗan bai faɗa maka daidai ba. Sai dai kowace illa tana da lokacinta da kamanninta, kuma da waɗannan biyun ne muke auna ko abin da ya sami mutum daga allura ne.

Mafi yawa shi ne ciwon damtse, zazzaɓi, ciwon kai, kasala da ciwon gaɓoɓi, na kwana ɗaya zuwa uku. Garkuwar jiki ce take koyon aiki. Akwai kuma waɗanda jikinsu ke ƙin allurar nan take, numfashi ya sarƙe, fuska ta kumbura. Wannan kamar mutum 5 ne cikin miliyan, yana zuwa cikin mintuna, shi ya sa muke zaunar da mutane minti 15 da allurar adirenalin a kusa.

Daskarewar jinin da ka karanta gaskiya ce. Tana tattare da AstraZeneca da Johnson & Johnson, kuma mun yi amfani da su duka a ƙasar nan. Yadda take faruwa shi ne garkuwar jiki ta wasu tsirarun mutane takan ruɗe ta tsokano ƙananan ƙwayoyin nan masu tsayar da zubar jini, sai su dunƙule su toshe jijiya, galibi jijiyoyin da ke fitar da jini daga ƙwaƙwalwa ko daga hanji, a lokaci guda kuma adadinsu ya faɗi ƙasa warwas. Lissafin Ingila ya nuna kamar mutum 1 cikin 50,000 a 'yan ƙasa da shekara 50, da 1 cikin 100,000 a waɗanda suka haura. A Amurka, na Johnson & Johnson kamar 4 ne cikin miliyan. Mutane sun mutu ta wannan hanya, ban raina ran ko ɗaya daga cikinsu ba. Abin da nake so ka riƙe shi ne lokacin: tana bayyana ne daga kwana 4 ko 5 bayan allura zuwa kamar wata guda, can ba a rasa ba ta kai mako shida, kuma kusan duka bayan allurar farko ne. Alamunta ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, gani dishi-dishi, ciwon ciki mai naci, kumburin ƙafa, ɗigo-ɗigon jini a ƙarƙashin fata.

Su kuma Pfizer da Moderna, illarsu da aka tabbatar ita ce kumburin tsokar zuciya, yawanci a samari daga shekara 12 zuwa 29, cikin mako guda bayan allura ta biyu. Akasarinsu sun warke da hutu da magani. Mata da yawa sun ce al'adarsu ta motsa, aka yi ta ƙaryata su, sai bincike ya nuna suna da gaskiya: takan jinkirta kamar kwana ɗaya, ta daidaita bayan wata ɗaya ko biyu. Hana haihuwa kuwa an bincika ba a samu ba, ga jaririyarka ma a hannu idan kai ko maiɗakinka kun yi allurar.

Maganar kotu, ga yadda take. Abin da AstraZeneca ya rubuta wa babbar kotun Ingila a 2024 shi ne abin da hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta shelanta tun ranar 7 ga Afrilu 2021, aka kuma sa shi a takardar da ke cikin kwalin. Likitocin Jamus da Norway da Ingila ne suka gano matsalar cikin makonni, Ingila ta daina ba matasa ita. Da aka janye allurar a watan Mayu na 2024, bayan an raba fiye da biliyan 3, kamfanin ya ce kasuwarta ce ta mutu domin an fito da sababbi da suka dace da sababbin nau'o'in cutar. A ganina maganar jinin ma ta taimaka wajen kashe mata kasuwa a Turai. Amma ba a ɓoye ta shekara uku ba. Labarin ne bai iso Aboabo da Hausa ba sai da mai son tada hankali ya kawo shi.

Sauran jita-jitar ba za su ci mana lokaci ba. An ce duk wanda ya yi zai mutu cikin shekara biyu, an yi allura fiye da biliyan 13 a duniya, shekarun sun wuce. An ce 'yan ƙwallo suna faɗuwa, aka kawo misalin ɗan wasanmu Raphael Dwamena da ya rasu a fili a Albaniya a 2023, alhali tun 2017 aka gano ciwon zuciyarsa.

Batun Baba

Ban duba Baba ba, ban ga takardunsa ba, kuma ba likitan ƙwaƙwalwa ba ce ni. Babu kuma wani gwaji da za a yi yau ya nuna abin da ya faru a jininsa a 2021. Amma da abin da ka rubuta zan iya faɗa maka ra'ayina ba tare da kwana-kwana ba: abu ne mai wuyar gaske a ce allurar ce. Tsakanin allurarsa ta farko da faɗuwarsa wata takwas ne, tsakanin ta biyu da faɗuwar wata shida. Daskarewar jinin allura ba ta jira haka. Shekarunsa ma ba na waɗanda ta fi kamawa ba ne. Yadda ya faɗi kuma, farat ɗaya da asuba, ɓari guda ya saki, shi ne kamannin shanyewar jiki da muka saba gani tun kafin a san wata korona.

Wani babban bincike mai suna SIREN, wanda aka yi a asibitocin Ghana da Najeriya, har da Komfo Anokye a nan Kumasi da asibitin Malam Aminu Kano, ya fito a 2018 da sakamakon cewa kusan kashi 9 cikin 10 na shanyewar ɓarin jiki a yankinmu yana da nasaba da hawan jini. Hawan jini ba ya sallama. Mutum yana zuwa kasuwa, yana jan sahu, yana jin garau, jijiyoyin kansa kuma suna ta gajiya shekara da shekaru har ranar da ɗaya za ta toshe ko ta fashe. A lokacin allurar, in layi ya yi sauƙi, nakan auna jinin dattawan da ke zaman jiran minti 15. Sau da yawa na ga awon da ya sa na ajiye abin da nake yi na rubuta wa mutum takardar asibiti, shi kuwa yana ce mini lafiyarsa lau, bai taɓa auna jini ba a rayuwarsa. Wasu sun san suna da shi, sun sha magani wata biyu, da suka ji sauƙi suka koma jiƙo. Waɗannan dattawan, wasunsu za su faɗi cikin shekarar ko an yi musu allura ko ba a yi ba. Da yake da tsofaffi da masu ciwon suga da hawan jini aka fara, duk wanda ya faɗi daga baya akwai katin allura a aljihunsa, iyali kuma sukan tuna baƙon abu na ƙarshe da ya shiga jikinsa.

In kana son ka ƙara samun natsuwa, je asibitin da aka kwantar da shi ka nemi likita ya duba fayil ɗinsa tare da kai. Tambayi abu uku: nawa jininsa ya hau ranar da aka kawo shi, me hoton kai ya nuna in an ɗauka, toshewa ko fashewa, sannan adadin ƙwayoyin tsayar da jini a gwajin farko. In adadin nan yana daidai, to ba irin daskarewar allura ba ce. Ka kuma tambayi Baba ko ya yi wata mura mai zazzaɓi kafin ya faɗi, domin ita kanta korona tana daskarar da jini, kuma 2021 shekarar nau'in Delta ce.

Game da 'yan'uwanka, ka kai mahaifinka a lokacin da cutar take kashe masu irin shekarunsa, allurarsa ta farko kuma makonni kafin ma a sanar da maganar jinin. Biyayya ka yi. Da Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham saboda annoba, aka tambaye shi ko yana gudun ƙaddarar Allah ne, ya ce daga ƙaddarar Allah yake gudu zuwa ƙaddarar Allah. Ka sauke wannan nauyin daga zuciyarka.

Inda mu ma'aikata muka gaza

Akwai abin da ke ci mini rai har yanzu. Wata rana a harabar wani masallaci, wata baiwar Allah mai sayar da koko ta tambayi abokiyar aikina ko allurar za ta kwantar da ita, don ba ta da mai tsare mata tukunya. Layi ya yi tsawo, rana ta take, aka ce mata ba abin da za ta ji. Ta yi kwana biyu tana rawar ɗari. Da muka koma unguwar don allura ta biyu, ita ce ta tsaya a bakin lungu tana mayar da mata gida. Na zauna da ita, ta ce mini ba zazzaɓin ne ya ɓata mata rai ba, ai ta saba da zazzaɓin sauro. An raina mata hankali ne. Da an ce mata za ki iya yin zazzaɓi, ki zo ranar da ba ki dama koko, ki tanadi farasitamol, da ta zama mai jawo mana mutane.

Haka aka yi a sama ma. An yi ta cewa wanda ya yi allura ba zai kamu ba. Da sabon nau'in korona mai suna Omicron ya zo a ƙarshen 2021 masu allura suka kamu, sai aka koma cewa ai dama hana kwanciya asibiti da mutuwa take yi. Wannan na biyun shi ne gaskiya, kuma babban amfani ne, amma da shi ya kamata a fara. Sai kuma tilas: a ƙarshen 2021 aka ce ba mai shigowa ta Kotoka sai da shaidar allura, aka sa wa kamfanonin jirgi tarar dala 3,500 a kan kowane fasinja, aka sanar da wajabta ta ga ma'aikatan gwamnati. Mutumin da yake kokwanto in ka tursasa shi, ka tabbatar masa da zarginsa. Ga shi mutuwar da aka lissafa a hukumance a Ghana ba ta kai 1,500 ba cikin mutum sama da miliyan 30, mafi yawanmu matasa ne, don haka saurayin unguwar Asawase a nan Kumasi bai ga gawarwakin da ake nuna masa na Italiya ba. Ni da kaina ina ganin amfanin allurar ga mai shekara 64 ya ninka amfaninta ga mai shekara 20 nesa ba kusa ba, kuma ya kamata a ce mun faɗi haka ƙarara.

Hanyar kai rahoton illa ma tana nan, mutane ba su sani ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasa tana da manhajar waya mai suna Med Safety, kuma kowace cibiyar lafiya tana da fom da ake cikewa. Rahotannin da ke zuwa daga unguwanninmu kaɗan ne, shi ya sa alƙaluman da na ba ka na Turai da Amurka ne. Wannan giɓi ne na gaske, ina faɗinsa a duk taron da na samu dama.

Jaririya

A nan ne nake roƙonka. Alluran awo ba su da haɗi da na korona, ba a kwalba ɗaya suke ba, ba sababbi ba ne. Ta tarin fuka an fi shekara 100 ana yin ta. Ta ƙyanda tun shekarun 1960. 'Yar wata biyu ya kamata a ce ta karɓi ta tarin fuka da ɗigon shan inna tun haihuwa, sannan na mako 6, saura na mako 10 da 14, sai ƙyanda da shawara a wata 9, a maimaita ƙyanda a wata 18. In an tsallake wasu ba a makara ba, za a ɗora daga inda aka tsaya. Tarin shiƙa da ciwon huhu da gudawa sun fi kashe jarirai a watannin nan na farko, shi ya sa jinkirin yake damuna.

Mun ga abin da ke biyo bayan tsayawa. Da aka ƙaurace wa ɗigon shan inna a Kano a 2003, cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, har da Ghana, sai a 2020 aka ayyana Afirka ta kuɓuta daga nau'inta na asali. A farkon 2023, da alluran yara suka yi ƙaranci na 'yan watanni a ƙasar nan, ƙyanda ta ɓarke a arewa.

Su ma waɗannan suna da tasu illar, zan faɗa maka tun yanzu: zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu, rigima, kumburi a cinya, ta tarin fuka kuma takan yi ɗan ƙurji a damtse ya bar tabo. In zazzaɓin ya wuce kwana biyu, ko ta ƙi nono, ko ta yi taune-taune, a dawo da ita nan take.

Kada ka ja da Mama. Mijinta ne ya faɗi a gabanta, tsoronta na ƙauna ne. Ka same ta ita kaɗai, ka tambaye ta yadda ƙyanda take yi wa gida a lokacin ƙuruciyarta, za ta ba ka labarin da ya fi nawa. Mai yiwuwa a damtsenta akwai lambar agana, cutar da aka shafe daga duniya a 1980. Ka roƙe ta ita ta goya jikarta zuwa awo, ta riƙe littafin da hannunta, ta tambayi nas sunan kowace allura da abin da za a gani bayanta. In nas ɗin ta yi mata gatse, ku canza cibiya, haƙƙinku ne.

Ranar da za ku je, ku tafi da Baba a auna jininsa a duba ko yana shan maganinsa kullum, domin wanda ya faɗi sau ɗaya yana cikin haɗarin na biyu. A rage masa gishiri da dunƙulen miya. Kai ma ka nannaɗe hannun riga a auna naka, da na yayyenka da ƙannenka, tunda hawan jini yana bin gida.